Goben Mushe Alkasum

Daren jiya a rumfar cajin waya ta Nomau
muka kalli fim ɗin Turawan Ingila,
mu bakwai, kan allo ɗaya mai tsaga a kusurwa.
Ba mai jin yarensu sai Idi ɗan lekol,
shi ma rabi yake ji, rabi yake ƙagawa.

Wani siririn mutum ne, kwat ta yi masa yawa,
mai gyaran agogo, hukuma za ta rushe shagonsa.
In ya buɗe baki, haƙuri yake bayarwa,
ko tebur ya yi karo da shi, sai ya ba tebur haƙuri.
Aka yi dariya har shayi ya ƙafe a buta.

Tawa dariyar a maƙogwaro ta tsaya.
Jan fenti na ƙofar shagon ɗinkina tun watan jiya.
Sau tara na je biron magajin gari,
takardu cikin baƙar leda.
Mushe Alkasum ya duba, ya sosa kunne da biro:
mai tambarin ya tafi Yamai,
ka dawo gobe.
Goben nan ta girma, ta yi furfura,
har ta ga jikokinta.

A fim, mutumin ya miƙe gaban manya,
takardarsa ta faɗi, ya yi in'ina,
duk da haka zauren ya ɗauki tafi.
Sai ruwa ya sauko,
su can ba sa roƙonsa,
ya ruga ba laima, ya cim mata a tashar jirgin ƙasa.

Mu nan Tawa ba mu da jirgin ƙasa,
ruwa kuwa sai liman ya fita fili.

Sahiya mai awara na tsaye bayanmu da tire.
Ta ce, Tsalha, wannan sakaran kai ne,
har tafiyar.
Na kwana ina juya maganar
kamar rigar da ban gane gabanta ba.

Da safe na same ta bakin shago, ta rufe kasko.
Ta karɓe ledar daga hannuna:
bakinka na ɗinki ne, nawa ya saba ciniki.

Muka taka, rana tsaka, ba gajimare ko na rantsuwa.
Ƙofar Mushe Alkasum da kwaɗo.
Mai gadi ya ce gobe.

Kan benci ta kwance awara uku da yaji,
ta ci ɗaya, ta tura mini biyu,
ta ce ƙarfe nawa suke buɗewa?
Na ce takwas.
Ta ce to, bakwai da rabi, kuma ka canza wannan hular.