Injin da Ya Huce

La'asar sakaliya na jona shi
a zauren taro na hanyar Dutsin-Ma.
Na ba shi minti biyar ɗin da ya saba,
na ƙara biyar na alfarma,
na ɗora tafin hannu a bayansa:
sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Hajiya Saude ta biya tun Talata.
Ba ta taya fitilu ba, ba ta damu da lasifika ba,
abu guda ta ja mini kunne a kai:
"Badamasi, in 'yata za ta shigo,
kada kowa ya ga ƙafarta,
ta taho kamar mai taka gajimare."
Na ce an gama. Kuɗin ma har na ci.

Na danna maɓalli, shiru.
Na zargi janareto, na zargi soket,
na ari wayar butar shayi na gwada,
na ciro fis na ɗaga shi saitin taga,
zarensa lafiya lau.
Na ɗaka masa dukan da ake wa tsohuwar rediyo.
Ko gezau.

Sai acaɓa zuwa Ƙofar Marusa,
injin a cinyata kamar yaron da za a kai asibiti.
Malam Sallau na cin gyaɗa a bakin shago,
sai da ya karkaɗe ɓawon daga rigarsa ya ce:
"Ciwon da ya yi wata yana shiga
ba ya fita don an ce amarya na hanya."

Ya kwance noti huɗu, ya tara su a murfin gwangwani.
Ya ɗora mita a kan koyil, allura ta motsa:
"Wannan da ransa."
Ya bi waya da yatsa, sannu, kamar mai bin sawun ɓarawo,
har ya tsaya kan wani ɗan abu
da bai kai ƙwallon dabino ba.
Allura ta ƙi tashi.
"Ga gawar nan. Mai gadi ne.
In zafi ya wuce kima, shi ke mutuwa
don kada gidan ya ƙone.
Saura mu ji wa ya kashe shi."

Ya kwance bakin da hayaƙi ke fita,
ga farin abu ya daskare ciki kamar kanwa.
Ya kankaro da tsinke, ya murza,
ya dube ni ta saman tabarau:
"Ruwan wace rijiya ne wannan?"

Ta gidanmu ce, a Rafin Daɗi.
Galan guda na raba uku, na cike da guga,
biki bakwai ina murnar na fi 'yan kasuwa wayo.
Ban faɗa ba. Shi ma bai sake tambaya ba.

Ya ɗura masa ruwan batir da ruwan tsami,
ya ciro sabon mai gadi daga mataccen dutsen guga.
Muka zauna. Aka kira magariba, muka yi, muka dawo.
Can ya yi tari sau biyu,
ya feso fari fat har bakin titi,
telan maƙwabci ya fito da almakashi yana ihun gobara.

Na isa bayan isha'i.
Amarya ta daɗe da zama.
Wai Gwaggo Barira ce ta shige gabanta
da kaskon turaren wuta a hannu,
kowa ya ga ƙafar, da lallenta,
har yanzu ƙamshin bai bar labule ba.
Hajiya Saude ta wuce ni kamar turken rumfa.

Duk da haka na kunna shi,
don yaran da ke tattara kujeru.
Suka yi ta iyo a ciki suna dariya.

Gobe zan nemo kuɗin mutane.
Sauran galan ɗin na juye a gindin bedi.