Gyaɗa Uku

A Jekadafari, bayan shagon da nake gyaran waya,
akwai tebur mai ƙafa uku da bulo ɗaya.
Nan muke zama daren Asabar,
ni ke riƙe da labari, su huɗu su shiga cikinsa.

Kwana uku na yi ina yanka kwalin sabulu
har na fitar da ƙwarangwal ashirin da bakwai,
kowanne da haƙarƙarin da na zana masa da biro.
Na jera su bakin rijiyar da ke kan taswira,
na rage murya na ce: ga su nan tafe,
ƙasa tana zuba daga ramukan idanunsu.

Bappayo ko gyara zama bai yi ba.
Malaminsa na kwali ya ɗaga fitila,
ya jefa ɗan ludo, ya ce, "Ku koma."
Suka koma.
Aikin kwana uku, shayi ma bai huce ba.

Mako huɗu ana haka.
Takobin Lamela ya yi tsatsa a kube,
Hajjo ta ajiye maharbiyarta tana ɓare gyaɗa,
Gidado ya ce ɓarawonsa zai nemi aikin gadi
tunda tsoro ya ƙare a ƙasar nan.

Sai na juya takardar kuɗin wuta
na rubuta doka a bayanta.
Malam zai shiga da gyaɗa uku kacal,
kowace kora ya jefa guda a gwangwani.
Abin da ɗan ludo ya nuna, iyakar masu gudu ke nan:
in ɗaya ya fito, ɗaya ya tafi,
sauran suna nan suna maka murmushin da ba leɓe.
Wanda ya gudu kuwa ƙara ya kai,
zai dawo da manyansa kafin shayi na biyu.

Bappayo ya ce taron dangi aka yi masa,
wai hassada ga mai rabo taki ce.
Hajjo ba ta ɗago kai ba ta ƙara tata:
tsohuwar fatalwa ba ta jin fitila
sai an kira ta da sunan yanka,
sunan kuma yana kulle a akwatin labari,
sai ɓarawo ya sato.
Nan Gidado ya wartsake.

Muka yi ta ja har mai shayi ya kife benci.
Na sassauta: in shida ta fito, gyaɗarka tana nan.
Ya sa hannu yana tsaki.

Asabar ta dawo.
Ta farko ya kashe a rijiya, huɗu suka tsere.
Ta biyu a kan gada, ɗaya tak,
har sai da kibiyar Hajjo ta yi magana.
Ta uku ya yi ta juyawa a tafin hannu
kamar kuɗin mota na ƙarshe a tashar Dukku.

Sai tsohuwar ta taso.
Gidado ya raɗa masa sunan a kunne,
aka yi tsit, har kukan janareton maƙwabta muke ji.
Bappayo ya buɗe hannu.
Wayam.
Jan ɓawo ne kawai manne a leɓensa.
Daɗin labari ya ja shi, ya tauna ta bai sani ba.

Dariya ta kusa ture bulon.
Lamela ya miƙe tsaye, ya zare takobi,
kuma duk cikinmu ba mai ihun "Sara! Sara!"
kamar malamin da ya cinye addu'arsa.

Da muka tashi na kwashe matattuna
na zuba su a gwangwanin madara,
biyu sun yage, ban damu ba.
Hajjo ta ce mako mai zuwa a yi da tsakuwa.
Na ce a'a. Gyaɗa dai,
kuma soyayya, mai gishiri.