Takardar Lokotoro

Lokotoro ya rubuta wa Baba Nomau
sunan wani mai: omega.
A farmasi, jika bakwai kwalba guda.
Baba ya ninke takardar, ya cusa cikin hula.

Inna Tsahara ta ce in karanta mata.
Na ce, man kifi ne.
Ta yi tsaki, ta suri kwando
sai kasuwar Dole.

Tarwaɗa biyu daga Gidimuni,
zogalen Mirya, riɗi rabin tiya,
zoɓo ja wur.

Na ce, an ce jiki ma tsatsa yake yi,
ganye ke rage ta.
Ta ce, yau suka sani?

Baba ya suɗe kwano,
ya laluba hula da hannun miya.
Takardar na nan,
ita ma ta sha mai.