Ƙahon Kaka Tanimu

A Maiwurno, kakana wanzami ne.
In ƙeyar mutum ta yi nauyi
sai ya kafa ƙaho, ya zuƙa,
ya ce jini ne ya cika ya batse
kamar Nilu a tsakiyar damina.

A Wad Madani na karanta sauran labarin.
An taɓa cewa a bar shi ya hau, jiki ne ke so.
An ɗora wasu kan shinkafa lami
har suka gwammace ciwon.
An yanke wa wasu jijiya,
in sun miƙe, ɗaki ya juya.
Saiwar Indiya ta saukar da jini,
ta saukar da fara'a tare da shi.
Sai ƙwayar fitsari.
Sai dafin macijin Birazil
ya nuna wa masana ƙofa.

Yau na ɗaura wa Inna Gambo abin awo.
Ɗari da saba'in.
Na ba ta labarin duka.
Ta ce, "Har da maciji a ciki?"
Ta zazzago ƙwaya ɗaya
daga tsohon ƙahon ubanta,
inda take ɓoye su saboda jikoki,
ta kora da karkade mai sanyi.