Miyar Uwarmu Uku Ce

A Tlacolula, ran Lahadi, da kasuwa ta watse,
muka koma gidan da aka yanke mana cibi, mu uku,
kowacce da ƙullin barkononta, kowacce da gaskiyarta.
Shekara guda ke nan da binne Eufrosina,
uwarmu, mai baƙar miyar da ake kira mole,
wadda sai an kwana biyu a kanta kafin a ɗanɗana.

Herminia, babbarmu, ta buɗe littafi mai tabon maiƙo.
"Gyaɗa cikin tafi biyu, da busasshen burodi,
a ƙona wainar masara har ta koma gawayi.
Daga bakinta na ji, ludayi na hannuna."

Nayeli ta taɓe baki. "Burodi? Yaushe?
Riɗi ne da zabibi, kirfa da kanumfari,
cakuleti mai ɗaci, romon talotalo.
Ni ce na niƙa mata, gwiwata ba ta manta ba."

Ni auta na yi shiru, takardata a aljihu,
don tawa agada ce da ta nuna har ta yi baƙi,
barkono kaɗan, an zubar da ƙwayoyinsa duka.
Na ji tsoro. Ko ni ce aka ba guntu?

Murya ta hau murya, wuta ta ci itace a banza,
tukunyar ƙasa na zaune, bakinta buɗe kamar mai mamaki.

Sai Baba Crisoforo, da muka zaci barci yake,
ya ɗaga malafa daga fuskarsa ya yi tari.
"Herminia, shekarar da kika koya, ruwa bai sauka ba.
Ina Sinaloa ina tsinkar tumatir a gonar wani.
Abin da ke kwando shi ta sa, ta ce haka ake yi,
don kada ki san babu.

Ke Nayeli, taki ta bikin kawunku ce,
masara ta yi albarka, mun sayar da maraƙi,
ta shiga kasuwa kamar mai ramuwar gayya.

Ke kuma auta…" Ya shafa cikinsa, ya dubi ƙasa.
"Likita ya hana ni yaji, ni kuwa na ƙi ji.
Ta rage shi a ɓoye, ta rufe da zaƙin agada.
Shekara bakwai ina ci, ina yi kamar ban gane ba."

Babu wadda ta amsa.
Herminia ta tashi ta hura wuta, hayaƙi ya zame mata hujja.
Nayeli ta durƙusa ga dutsen niƙa,
wanda tsakiyarsa ta loɓa daidai tafin uwarmu.
Na ɓare agadata. Aka zuba gyaɗa, aka zuba riɗi,
aka ƙona waina, cakuleti ya narke a ƙarshe.
Muka juya, muka juya, muna karɓeɓeniya,
har zakaran maƙwabta ya yi cara sau biyu.

Baba ya tsoma yatsa, ya daɗe yana lasa.
"Ba tata ba ce," ya ce. "Ƙaro mini."

Muka zuba a ƙaramin kasko gaban hotonta,
tsakanin kyandir da furanni ruwan ɗorawa.
'Yar Nayeli, Donaji, mai shekara tara,
na gefe da fensir, harshe a waje, tana rubutu:
gyaɗa, riɗi, agada, gardama kaɗan.
Ta ɗago kai ta ce, "Gishiri fa, nawa?"
Mu uku muka buɗe baki lokaci guda,
kowacce da nata adadin.