Jiha ta Talatin da Bakwai

Bayan Isha'i, a Shara Mansur,
kan tabarmar Gwadabe mai shayi,
Tanimu direba ya iso yana haki:
"Ku aje kofi, ku sha labari!
Wai unguwar nan za a yanke,
a miƙa wa Najeriya kyauta,
ta zam jiha ta talatin da bakwai."

Wa ya faɗa? "Wani ne a mota."
Shi wa ya gaya masa? "Surukinsa."
To, a wurinmu isnadi ya inganta.

Baba Ɗanjuma ya gyara zama.
Shekara arba'in ba shi da igama,
in ya hango askar sai ya zama bango.
Ya ce, "Ashe da rabon in huta!
Gobe in sun ce za su mai da ni gida,
in ce bismilla, in shiga motarsu,
su tsallakar da ni titi, in sauka,
in ce Gwadabe, zuba mini na safe."

Kafin shayi ya huce, gwamna uku.
Alhaji Sabi'u mai canjin riyal
ya ce shi ya san makwancin kuɗi.
Malam Hudu mai keken ɗawafi
ya ce, "Shekara ashirin ina tura jama'a gaba,
in ba shugabanci ba, me ke nan?"
Hajiya Kubura mai tuwo ta leƙo,
ta kaɗa littafin bashi a hancinsu:
"A cikinku wa ban ciyar ba?
Jihar taku tuni tana shafi na tara."

Na saman dutse suka ce an danne su,
na gangare sun kwashe babban birni,
don haka su ma a yanka musu tasu.
Bakano ya ce ciniki nasa ne,
Basakkwace ya ce a duba tarihi.
Jibo ɗan Damagaram ya ɗaga yatsa:
"Mu fa?" Aka ce masa, "Nemo biza."
Ga shi ɗakinsu ɗaya da mai faɗin.

Aka kafa kwamiti don ya kafa kwamiti.
Riyal goma-goma muka tara na fosta,
muka damƙa wa Tanimu, Kwamishinan Kuɗi.
Ya shiga lungu zai kama ruwa,
ya fito yana salati, yana tafa hannu:
wai kyanwar Makka ta haɗiye baitulmali.
Muka dubi juna, har da ƙwallar murna.
Lalle mun zama jiha.

Sai Basiru, autan Gwadabe,
haifaffen nan, Hausarsa da ɗingishi,
ya ce, "Yaba, mene ne Nepa?"

Shiru.
Kowa ya ɗaga kai ya dubi ƙwai,
ƙwan da bai taɓa ƙifta mana ido ba.
Can a taga na'urar sanyi tana gurnani,
muka ji ta kamar mai yin wasiyya.

Sabi'u ya ce, "Tsaya, albashin gwamnan
da riyal ne, ko da naira?"
Aka gaya masa. Ya janye don zaman lafiya.

Hudu ya ce, "Wato in hajji ya zo,
sai na biya kujera, na tashi zuwa Kano,
na kwana bakwai a sansanin alhazai
ina jiran jirgin da zai kawo ni
inda nake takawa da silifa?"
Ya kakkaɓe riga. "A kai kasuwa."

Kafin kiran assalatu jiha ta rushe.
Kubura ta rubuta mu a shafi na goma.
Ni dai gomata har yau ba labari,
Tanimu kuwa ba ya amsa sallama
sai ka ce masa Tsohon Kwamishina.

Muna hanyar Harami motar askar ta gifta.
Na waiwaya in yi wa Ɗanjuma magana,
sai na ga bango.