Daƙiƙa Huɗu

Ranar biyan masunta ce a Dalcahue.
Ruwa na dukan kwanon ofis tun asuba,
jirage na gyaɗa kai a bakin gaɓa,
ni kuwa Brígida, mai riƙe da lissafin ƙungiya,
na danna mata yatsa, ta ja numfashi,
fanka ta juya, koren idonta ya buɗe,
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
ɗif.

Na sake. Ɗif.
Kamar mai gyangyaɗi a bencin coci,
ya ɗaga kai ya ce amin, ya koma barci.

Mutum goma sha tara a baranda,
takalman roba na ɗiga, riguna na warin teku.
Kilo nawa kowa ya kawo, peso nawa kowa ke bi,
duk baƙin akwatin nan ya haɗiye.

Eliodoro ya leƙo ta taga:
"Soket ne, baiwar Allah,
bangon nan bai ƙara lafiya ba tun girgizar ƙasa."
Na rungume ta zuwa kicin,
na kori butar shayi, na ba ta gurbi.
Huɗu. Ɗif.
Na zare firinta, na zare linzami,
na bar ta daga ita sai wayar wuta.
Ba ta ƙara mini ko ƙiftawar ido ba.

Da wuƙar feɗe kifi na kwance notina.
Ƙurar shekara bakwai ta yi bargo a ciki,
da gashin kyanwar da muka binne bara.
Na hura da famfon keke har na yi atishawa sau uku.
Na ciro sandunan ƙwaƙwalwarta biyu,
na goge haƙoransu na zinariya da kilina,
na mayar da ɗaya, na gwada,
na mayar da ɗan'uwansa, na gwada.
Man da ke sanyaya mata zuciya
ya bushe ya tsattsage kamar dunduniya,
na kankare, na ɗiga sabo, ƙwayar shinkafa.
Nibaldo ya ruga gida cikin ruwa,
ya ciro akwatin wuta daga kwamfutar ɗansa.
Muka dasa mata, muka riƙe numfashi.
Huɗu.

Sai na zauna a kan buhun raga.
Zafi ba ya ɗaura agogo.
Da zafi ne, da safe sai ta daɗe, da rana ta gaza.
Da wuta ce, yanzu biyu, an jima goma.
Wannan kuwa huɗu ce cif, ba daɗi ba ragi.
Akwai mai ƙirgawa a cikin nan.

A nan na ga tururuwa.
Layi guda, siriri, daga ƙafar tebur,
sun wuce fanka, ba ruwansu da zinariya,
sun yi cincirindo a bayan madannin kunnawa.
Na shinshina. Zuma.
Jiya Maite, jikata, ta ci burodi a nan,
tana wasan sakatariya.

Madannin ya shige bai fito ba.
Tun safe yatsan da ba ya ɗagawa
yake ce mata ki mutu,
ita kuma tana jira daƙiƙa huɗu,
ko zai canza shawara.

Na fizge siraran wayoyinsa biyu,
na taɓa allurai biyun da tsinin wuƙa.
Fanka ta juya.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu,

biyar.

"Shida!" in ji Eliodoro.
Bakwai, takwas, baranda ta ɗauka,
maza masu furfura suna ƙirga kamar 'yan aji ɗaya,
har sunayensu suka bayyana a allo,
kowa da kilonsa.

Na biya su kafin ruwan teku ya janye.
Madannin na can cikin kofi, yana jiƙa a ruwan ɗumi,
Maite na tsaye a bakin ƙofa,
hannu a baya.